Rariyar Gidan Badaru

A shekarar da naira ta kori fam da sule, Badaru mai injin niƙa na Farin Dutse ya dawo daga Jos da sabuwar sana'a a bakinsa. Wai ya ga yadda ake zuba duwatsu a gwangwani da yashi da ruwa, inji ya yi ta juya su har su fito sumul suna sheƙi, mata su saya su yi ado. Leƙe ɗaya ya yi ta taga, amma in ka ji shi a kasuwar Gwaram sai ka rantse shi ya koya wa masu abin.

Ya je gindin dutsen bayan gari ya kwaso duwatsu, masu tauri da masu laushi, bai ware ba, bai yi bisimilla ba. Ya cika gwangwanin fenti maƙil, ya ɗaura a bel ɗin inji. Duk sa'ad da ɗoki ya sa ya buɗe, sai ya tarar masu taurin sun yi zane-zane, masu laushin sun narke sun zama wata laka toka-toka. Lakar kuwa a rariya yake tuttule ta, 'yar kafar nan ta gindin katanga da ruwan gida ke fita. Can ta daskare kamar siminti.

Ran nan da magariba, matarsa Azumi na kwasar tuwo, ya kashe inji. Inji ya yi shiru. Ƙarar gwangwanin ba ta yi ba. Ƙurrr, ƙurrr, a hankali, kamar daga ƙarƙashin ƙasa.

Sai tsakuwa ta fara sauka kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, kowacce jiƙe da laka. Badaru ya ɗauki buta ya nufi masallaci. Ya shiga zaure, ya sa ƙafa waje, sai ga shi a tsakar gidansa. Ya sake. Ya kuma sakewa da gudu. Hayaƙin murhu ma bai tashi ba, a kansu ya tsaya kamar murfi.

"Maigida," in ji Azumi da murya ƙasa-ƙasa, "dubi Kubra."

'Yarsu ce, tana kwance a ƙasa tana birgima daga bango zuwa bango, idanu a buɗe, gwiwoyi duk sun saluɓe. Suka danne ta su biyu, ta juya da su.

Da gari ya waye Azumi ta yi ta kwarma ihu ta kan katanga, har maƙwabta suka aika Birnin Kudu aka ɗauko Malam Hambali. La'asar sakaliya ya iso. Aka ce masa mai shiga ba ya fita. Ya tuɓe takalmi ya shiga.

Ya zauna a gefen yarinyar yana karatu, bai ɗaga murya ba, har inuwa ta cinye tsakar gida. Sannan birgimar ta tsaya. Bakin Kubra ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, tana gurzawa kamar ana jan turmi.

"Malam, sassauta. Ba kai na zo wa ba."

"Baiwar Allah, me yarinya ta yi miki?"

"Tambayi gwanin Jos. Ya kwashe mu da ɗakunanmu ya cusa a gwangwani. Mu manya mun sha juyi, mun fita. Autana a cikin jan dutse mai laushi yake barci. Aka niƙe ɗakin da shi, aka zuba a rariya. Yana nan ciki, ya ƙame, ina jin kukansa. An toshe nawa, na toshe naku."

Badaru ya ce, "Wallahi, Inna, ban san..."

"Yi mana shiru! Wanda bai san dutse ba ne zai san mai dutse? Malam, a bar mini yarinyar, ku fita."

Malam ya ce, "Ba a musayar ɗa da ɗa. Za a fito miki da naki."

Tsohuwar ta ce, "To. Amma kada ƙarfe ya taɓa shi. Hannun da ya zuba, shi zai tono. In aka kira magariba bai fito ba, na tafi da ita."

Badaru ya durƙusa a bakin rariya. Ya karta, farce ya karye. Ya karta da na biyu. Azumi na tsiyaya masa ruwa, Malam na karatu, rana na sauka a bayan katanga. Da farata suka ƙare ya ci gaba da tsokar yatsu, yana kuka yana kiran sunan 'yarsa, lakar tana ɓantarewa kaɗan-kaɗan, ta koma ja.

Ladan ya yi gyaran murya a masallaci. Daidai nan yatsansa ya ɓurma. Ruwan da ya taru ya yi waje da wani ɗan sauti siriri kamar atishawar jariri. Hayaƙi ya miƙe sama, ƙarar gwangwani ta ɗauke.

Kubra ta tashi zaune tana dube-dube. Ta ga ubanta durƙushe, hannuwa jina-jina.

"Baba, wa ya yi maka haka?"

Ya sungume ta da damatsa, don yatsun ba sa riƙo, ya ratsa zaure da ita. Ya sa ƙafa waje, ya tsaya yana jira.

Titi ne a gabansa, da mutanen unguwa sun yi cirko-cirko.