Gadar Tsakiyar Allo

Ku rage murya. Wannan ya faru da Barira ne, 'yar mai injin niƙan unguwarmu.

Ranar da ta fara ganin Sagir mai gyaran kayan lantarki, ƙusa ce ta fasa musu injin. Ya zo da wani ɗan allo kamar tafin hannu. A fuskarsa ɗaya ya zana siririn layin jan ƙarfe, ya naɗe shi zagaye-zagaye kamar ɗinkin faifai. In ƙarfe ya gifta cikin hatsi, layin ya ji, ƙararrawa ta yi kuka. Barira ta tambaye shi me ya sa bai ƙara zagayen ba. Ya yi dariya, ya ce in layukan suka matsu da yawa sai su haɗe, aiki ya lalace. Daga nan ta zama mai leƙa shagonsa, tana koyo, ba ta taɓa faɗa masa abin da ke ranta ba.

Wata ranar Laraba aka same shi zaune a ƙasa. Ido a buɗe, baki a rufe. Yatsansa kawai ke zagaye a kan siminti, daga waje zuwa ciki. Aka yi asibiti, aka yi addu'a. Ya daina cin abinci, ya bushe kamar kara.

Wata rana da magariba Barira ta koma shagon ita kaɗai, tana kuka. Sai ƙararrawar teburin ta ɗauki kuka, alhali babu ƙarfe kusa.

Wata mata ce tsaye a bakin ƙofa. Ba ta yi sallama ba. Ƙarƙashin zanenta kofato ne.

"Ɗana yana ciki," in ji matar. Muryar kamar daga rijiya.

"Baiwar Allah, cikin me?"

Ta nuna wani sabon allo. "Ya ga hanya, ya bi. Ya kai tsakiya. Babu mafita. In nawa bai fito ba, naki ba zai dawo ba."

Barira ta duba. Allo mai fuska ɗaya, ƙarshen layinsa na ciki a kulle yake, sai an ɗora masa 'yar waya ta tsallake zagayen zuwa waje. Gada suke ce mata. Ran Larabar nan Sagir ya tafi salla bai ɗora ba.

Ta kunna ƙarfen liƙi. Ta kai shi kan allon da sauri. Dalma ta ɗiga, ta haɗe layuka biyu. Matar ta matso taku ɗaya.

"Ki yi haƙuri, Inna! Don Allah!"

Ta kankare ɗigon da reza har ta yanke yatsa. Ta yi bisimilla, ta liƙa wayar. Wani sanyi ya bi ta kan hannunta ya wuce. Ƙararrawa ta yi shiru. Ƙofa babu kowa.

Ku dai kada wanda ya zauna shago shi kaɗai da magariba.

Da gudu ta isa gidansu Sagir, ba takalmi. Yatsansa ya tsaya. Yana neman ruwa. Mahaifiyarsa na nan, yayyensa na nan, amma Barira ta durƙusa gabansa.

"Sagir, na yi maka alkawari," ta ce, kowa na ji. "Ka warke ka turo manyanka. Ba zan ƙara barin ka kai kaɗai ba."