Ƙasar da Hatsabibi Ya Ɗebo

Wallahi ko zan kwana ina rantsuwa ba za ku yarda ba. Amma dai ku ba ni aron kunne.

Direban wani ɗakin bincike ne, kowa na kiransa Hatsabibi. Shi ya taɓa saka wa mai gadi ƙadangare a takalmi, ya kuma tsaya yana taya shi jaje. Aikinsa shi ne a ba shi kwalabe da ɗan cokali, a tura shi nesa ya ɗebo ƙasa. Dakta, shugabar ɗakin, sai ta jiƙa ƙasar ta shafa a farantin gilas. In wata ƙwayar halitta ta tsiro ta kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita, sai a ga da'ira fes a farantin. Daga nan ake sa ran sabon magani.

Ran nan aka aike shi bakin wani kogi. Gogan naku ya ce ƙasa ai ƙasa ce. Ya ajiye mota a inuwa ya sha barcinsa, da yamma ya shiga wani kango a bayan gareji ya cika kwalba. Ya dawo yana ba da labarin yadda ya yi kokawa da kada.

Sai ga da'ira a farantin, wadda Dakta ba ta taɓa ganin irinta ba.

"Kai, Hatsabibi, hannunka da albarka!"

Bai yi dariya ba, don ƙanwarsa Auta tana kwance a asibiti. An yi mata aiki a ƙafa, ciwon ya ruɓe, an gwada magunguna duk sun ƙi ci.

"Dakta, wannan zai yi wa Auta?"

"Abu ne na shekaru, ɗan'uwa. Kada in yi maka ƙarya."

Shi dai "zai yi" kunnensa ya ji.

Kwatsam wuta ta ɗauke, injin da ake ajiye farantin a ciki ya tsaya, abin da ya tsiro ya mutu. Dakta ta ce gobe ya kai su bakin kogin a sake ɗebowa. Ya ce to. Ya biya asibiti. Ɗakin na warin ciwo da ruwan wanke ƙasa. Auta ta buɗe ido da ƙyar.

"Yaya, yau ba tsokana?"

"Ke dai jira, Kwaila. Maganinki zan ɗauko."

Rana na faɗuwa ya shiga kangon shi kaɗai, da kwalba a aljihu.

Ba tsuntsu, ba ƙarar guduma daga gareji. Sai ƙanshin ƙasa da ruwan farko ya daka, alhali an daɗe ba a ga hadari ba. Ramin da ya haƙa yana nan a gindin bango, kamar yanzu ya cire cokali.

Ya durƙusa. Ƙasar da ɗumi.

Ya ji tari. Ƙaramin tari, na yaro.

Ya waiwaya. Ba kowa.

Ya sa cokali.

"Kai ne."

Muryar mace ce, ƙasa ƙasa, dab da kunnensa. A kusurwar da babu kowa ɗazu, ga mace zaune, doguwa, kanta na taɓa inda rufi yake a da. Tana rungume da wani abu a zani. Abin yana numfashi da ƙyar, kamar ana jan zarto.

"Baiwar Allah, ban sani ba..."

"Ka tambaya?"

Ya saki cokalin.

"Tun kafin a gina gidan nan nake renon ƙasar nan," in ji ta. "Ita nake shafa wa ɗana. Ka zo ka kwashe zuciyarta, ka tafi kana dariya."

"Ƙanwata ce ba lafiya. Cokali ɗaya, don Allah."

"Ranar ma don ita ka ɗiba?"

Hatsabibi ya dubi ramin da ya haƙa.

Numfashin yaron ya ja.

Ya sake ja.

Ya tsaya.

Ba ta yi kururuwa ba. Da ma ta yi. Ta dai gyara wa yaron zani, ta rufe masa fuska.

Ya zabura zai gudu. Hannu ya kama wuyan hannunsa, sanyi kamar ƙarfen gadon asibiti. Ita kuwa tana can kusurwa, ba ta motsa ba.

"Tunda ka iya haƙa," ta ce, "haƙa masa."

Ya miƙa hannu ga cokali.

"Da hannunka."

Ya haƙa. Farce ya ɓare, jini ya gauraya da ƙasa, yana haƙa yana kuka, yana kiran sunan Allah. Ta miƙo masa yaron. Ba nauyi, kamar an naɗe iska. Ya kwantar da shi, ya mayar da ƙasa. Da ya ɗago kai, kango ne kawai, da ƙarar babur daga titi.

Da gudu ya isa asibiti. Ya tarar an naɗe katifar gadon. Gwaggonsu na zaune a bakin ƙofa da takalman Auta a cinya.

"Ina ka shiga? Har ta cika tana cewa a jira ka."

Washegari ya gaya wa Dakta gaskiyar inda ƙasar ta fito. Suka ɗebo daga kowane lungu na kangon, ban da gindin bangon, don nan ya tsaya ya ce sai dai a bi ta kansa. Farantai suka cika, ba da'ira ko ɗaya.

Har yau yana tuƙa motar, kuma duk inda aka aike shi, can yake zuwa. Kafin ya sa cokali sai ya durƙusa ya yi sallama, ya daɗe yana saurare. Sababbin ma'aikata sukan yi dariya, suna zaton sabuwar tsokana ce. Tsofaffin kan kau da kai.