Sakin Da Hamisu Bai Tuna Ba

Rahama na tsugune a tsakar gida tana wanke kwanon da mijinta Hamisu ya gama cin ɗumame a ciki, sai ta ji ya kwaɗa mata kira daga ɗaki.

"Rahama! Wai yau ba za a karya ba ne a gidan nan?"

"Haba Baban Murja, ai yanzu ka ci. Ga kwanon a hannuna."

"Ƙarya nake ke nan?" Ya fito idanunsa jajir. "Yunwa za ki kashe ni da ita? To je ki, na sake ki! Saki uku!"

Kwanon ya suɓuce mata. Inna Sabuwa, mahaifiyar Hamisu, tana bakin ɗakinta tana tsintar wake, kuma ko kalma ɗaya ba ta wuce kunnenta ba.

Duk garin Saulawa an shaida Hamisu ba haka yake ba. Ɗan acaɓa ne mai fara'a, wanda ya yi shekara biyu yana zarya Kudan kafin a ba shi Rahama, har abokai suna tsokanarsa wai tayar babur ɗinsa ta haddace hanyar. Wata bakwai da suka wuce ne mota ta kwashe shi a hanyar Maƙarfi, kansa ya bugu da kwalta, ba hular kwano. Ya kwana tara bai san inda yake ba. Rauni ya warke sumul, amma mutumin da ya dawo gida wani ne daban: ga mantuwa, ga zuciya a kusa.

Ba a yi rabin awa da sakin ba sai ga shi ya leƙo yana murmushi.

"Maman Murja, kin ga hulata? Af, kukan me kike yi? Wa ya taɓa min ke?"

Inna ta miƙe ta karkaɗe zani. "Kai ka taɓa ta, kuma ka gama. Kunnena ya ji, saki uku. Dama tun da ta sako farar ƙafarta gidan nan ba mu ga daidai ba. Aikenta ka tafi ranar da aka kaɗe ka!"

"Ni? Ni na saki Rahama? Inna, wallahi ban yi ba!"

Aka kwashi magana zuwa ga Malam Ya'u, limamin unguwa. Ya saurara tiryan-tiryan, ya daɗe yana shafa gemu.

"Idan da hankalinsa ya faɗa, aure ya ƙare. Idan kuwa hankalin ba ya jikinsa a lokacin, magana ta canza. Ni kuma ba na ganin cikin kan mutum. Likitocin da suka yi jinyarsa ba su ce komai ba?"

Rahama ta sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, sun ba da takarda, wai a mayar da shi Zariya gwajin ƙwaƙwalwa. Tana wurin Inna."

"Ba za a kai shi ba!" Inna ta kafe. "A rubuta min ɗa mahaukaci? Ƙannensa mata biyu suna gabana ba su yi aure ba. Wa zai nemi iri a gidan da aka ce akwai taɓi?"

Malam ya ce dole a kai shi. Kafin nan kuma Rahama ta koma gidan iyayenta a Kudan, don ba za su zauna inuwa ɗaya a kan shakka ba. Ta goya 'yarta Murja ta fita tana kuka, Hamisu na biye da ita har bakin titi yana tambayar unguwar da za ta.

Mako uku aka ba su kafin ranar gwaji, kuma a nan Inna ta yi abin da ya fi ba ni haushi da tausayi a lokaci guda. Ita a ganinta jarrabawa ce irin ta makaranta, ko ka ci ko ka faɗi. Sai ta zaunar da ƙaton magidanci a tabarma kullum tana ba shi hadda: yau wace rana, wane wata, sunan hakimi, sunan kakansa.

"Duk abin da suka tambaye ka, ka ce lafiya lau, alhamdulillahi. Kada ka ba mu kunya a gaban baƙi!"

Ranar da aka sa, suka haɗu a wani babban asibiti a Zariya. Rahama ta zo daga Kudan, ta durƙusa ta gaida Inna, Inna ta amsa a daƙile. Mai gwajin wata mata ce 'yar kudancin Kaduna, Madam Agnes, Hausa a bakinta kamar 'yar Tudun Wada.

"Mama, ku huta a benci. Wannan ba jarrabawa ba ce, ba a ci, ba a faɗuwa. So nake in ga inda kansa ke aiki da inda ya gaji."

Ta shiga da Hamisu ofis. Yaya barci? Lafiya lau. Kana mantuwa? Lafiya lau, alhamdulillahi. Ta yi murmushi, ta ce to ya riƙe mata kalmomi biyar: akuya, tsani, gishiri, masallaci, bargo. Ya maimaita su ras. Ta ba shi fensir ya zana agogo, sai lambobin duka suka taru a gefe guda. Ta ce ya lissafo dabbobi cikin minti ɗaya, mutumin da ya tashi a cikin garke ya tsaya a huɗu. Ta dawo kan kalmomin, ko ɗaya babu, har cewa ya yi ba ta ba shi wasu kalmomi ba. Da ta baza masa katuna ya ware su bisa launi, sannan ta canza ƙa'ida, sai ya watsar da su ƙasa ya buga tebur. Bayan ɗan lokaci ya dubi katunan yana tambayar wanda ya zubar.

Sai da aka shafe awa uku ana hutawa ana komawa, sannan ta kira Rahama.

"Ƙanwata, ke kike zaune da shi. Yaya yake a gida?"

Rahama ta dubi mijinta, ta dubi ƙasa. Tun tana 'yar mitsitsiya aka koya mata cewa matar kirki ba ta tona asirin miji. Ta san aurenta na rataye da abin da za ta faɗa, amma bakinta ya ƙi.

"Lafiya lau muke, Madam."

Madam Agnes ta ajiye biro. "In kowa ya ce min lafiya lau, lafiya lau zan rubuta a wannan gurbin. Ki yi tunani."

Sai Hamisu ya juyo wurin matarsa.

"Faɗa mata, Maman Murja. Ni ban san abin da nake yi ba, ke kika sani. In ma mahaukaci za a kira ni a kira. Na fi son haka da in rasa ki."

Sai ta fashe da kuka, ta faɗi komai. Yadda ya yi sallar azahar sau uku a yini ɗaya. Yadda ya manta Murja a kasuwar Ikara, sai wata mai ƙosai ce ta kawo ta. Yadda ya mare ta ranar Sallah har kunnenta ya yi jini, ta ce wa mutane faɗuwa ta yi. Hamisu na ji, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza.

Bayan mako biyu sakamakon gwajin ya fito. Madam Agnes ta ce ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba kuma asiri ba. Buguwar ce ta raunata gaban ƙwaƙwalwa, inda mutum ke danne fushi, ta kuma taɓa wurin riƙe sabon abu. Wani abin zai gyaru da magani da horo, wani kuwa ƙila har abada. Acaɓa dai ya bar ta ke nan.

"Batun saki ba nawa ba ne," ta ƙara. "Na malamai ne. Abin da na gani kawai na rubuta."

Malam Ya'u ya kai takardar gaban alƙali a Ikara. Alƙali ya karanta, ya ce takarda ta nuna ciwo, amma yana son wanda ya ga halin da mutumin yake ciki a wannan safiyar. Shaida kuwa ɗaya ce tak, Inna Sabuwa. Rahama ta ce a ranta shi ke nan.

Aka kira Inna gaban alƙali. Da ta buɗe baki, muryar ba irin tata ba ce.

"Allah gafarta Malam, mako shida ke nan ni nake kula da shi. Kullum sai ya tambaye ni ina Rahama. In ce ka sake ta. Ya yi kuka kamar yau ya fara ji. In an jima ya sake tambaya, ya sake kukan. Jiya sau bakwai na faɗa masa, a na takwas na kasa." Ta share hawaye da bakin mayafi. "Ranar nan ma na ga idonsa. Ba ɗana ba ne ya yi maganar. Na sani tun a lokacin, kunyar duniya ce ta hana ni faɗa."

Alƙali ya yanke cewa saki bai auku ba.

Kada wani ya zaci daga nan sai daɗi. Labari ya zaga Saulawa, mai neman ɗaya daga cikin ƙannen Hamisu ya janye ba ko sallama. An sayar da babur an sayi tumaki. Har gobe fushin yakan taso, sai dai yanzu in ya taso Inna ce ke janye Rahama da Murja zuwa ɗakinta har ya lafa, kamar yadda aka koya musu a asibiti.

'Yan'uwa, ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ke rusa gida. Haƙurin Rahama ya dawo mata da aurenta, amma sai da ta haɗa shi da faɗin gaskiya. In naku ya canza bayan haɗari ko jinya, ku kai shi a duba kafin ku ɗora wa matarsa laifi.

Ranar da ta dawo daga Kudan, Hamisu na zaune a zaure. Ya karɓi jakarta yana fara'a, ya ce, "Kai, Maman Murja, yau kin daɗe a unguwar nan!" Ta dubi Inna, Inna ta kawar da kai tana goge ido.

"Na daɗe," ta ce. "Ka yi haƙuri, na dawo."