Kwamfutar da Ba Ta Son Wuta

Ranar Litinin da hantsi Gwadabe mai gyaran kwamfuta ya shigo ofishin 'yan sanda yana fifita da hularsa. Ya ce an yi masa sata a shagonsa na Ƙofar Marusa.

Aka tura shi teburin Sufeto Talle, wani dogon mutum mai ƙarancin magana da ke zaune shi kaɗai a bariki. Abokan aikinsa suna ce masa miskili. Ba miskilanci ba ne. Mutum in ya daɗe babu mai jiransa a gida, magana takan yi masa nauyi, shi ke nan.

"Me aka ɗauka?"

"Laftof guda, Yallaɓai. Ta wata Hajiya ce, ta kawo gyara."

"Yaushe rabonka da ita?"

"Ran Asabar kafin azahar. Na kulle shago na tafi masallaci, na dawo babu ita. Na yi ta nema, ina tsoron in faɗa ma mai ita."

Suka tafi shagon tare. Talle ya duba ƙofa, ya juya kwaɗon a hannunsa, bai ga ko ƙwarzane ba. A kan kanta ga kwamfutoci nan jere, wasu ma sababbi fil. Ɓarawo ya tsallake su duka ya ɗauki tsohuwa mara lafiya.

"Me ke damunta?"

Gwadabe ya gyara tsayuwa, an zo wurin da ya fi sani. "Irinta injin hoto biyu gare ta, ƙarami da babba. In tana kan batir ƙaramin ke aiki, don kada ta sha caji. Da an jona ta da wuta sai ta koma kan babban. To direban babban ne ya lalace."

"Direba kuma? Mota ce?"

"Haka muke ce ma ɗan shirin da ke tuƙa injin, Yallaɓai. Wani ya cire na kamfanin da ya ƙera ta, ya ɗauko wani a intanet ya sa, wai sabo ya fi. Shi kuwa sabon bai iya karɓar aiki daga hannun ƙaramin ba. Kana sa caja sikirin ya yi baƙi ƙirin. Sai ka zare, ka kashe, ka kunna, sannan ta dawo."

"Yana gyaruwa?"

"Sosai. A cire wanga direban a maida na asali. Shi nake saukewa ran Asabar, netiwok ya ƙi. Amma yawancin masu gyara ba su da haƙurin haka, wanke ta suke yi kakaf. Mai ita kuwa ta ce in aka goge mata abu ɗaya ba ta yafe ba."

Mai ita Hajiya Ma'u ce, tsohuwar malamar makaranta da ke zaune a wani lungu a Ƙofar 'Yandaka. Gidan babba ne, an share shi tas, amma takalmin mutum ɗaya ne kawai a bakin ƙofa. Ta shimfiɗa wa Sufeto tabarma, suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Da ya faɗa mata abin da ya faru, ta sunkuyar da kai.

"Ta ɗana ce, Salahuddeen," ta ce. "Mai zanen gine-gine ne. Ya rasu bara a hanyar Kano. Shi kaɗai gare ni."

"Allah ya jiƙansa. Me ke cikinta, Hajiya?"

"Zane-zanensa. Da shi kansa." Ta ɗago kai. "Akwai bidiyon da ya ɗauka a tsakar gidan nan, shina nuna inda zai fitar mini da taga. Kullum bayan la'asar nakan kunna. Batirin ya tsufa, kafin ya gama magana sai ta mutu. In na sa caja kuma ta yi duhu. Sai dai in kashe ta ta cika, in jira gobe."

"Ba kya tsallakewa zuwa inda kika tsaya?"

"Shina magana in katse shi? Daga farko nake somawa."

Talle ya gyaɗa kai. Shi kansa sunan Talle ya same shi ne don mahaifinsa ya rasu yana cikin zanen goyo. Bai taɓa jin muryarsa ba, ko sau ɗaya.

"Matan unguwa sun ce mamacin ne ba ya so a riƙa kallonsa," Hajiya ta ci gaba. "Wata ma ta kawo mini turaren hayaƙi. Na ce mata in mamaci ne, mi ya haɗa shi da caja? Kuma a da ba ta yin haka. Sai da Abbas ya are ta bayan sadakar arba'in ya dawo da ita."

"Wane ne Abbas?"

"Abokin aikin marigayi. Tare suka buɗe ofis, shi ke nemo masu gini, Salahuddeen ke zane. Ya sake zuwa aro na hana shi. Ya ce ai ta mutu, in ba shi ya saya mini sabuwa. Na ce a'a, na kai ta wurin Gwadabe."

"Kin faɗa masa inda kika kai ta?"

"Shi kaɗai na faɗa mawa. Wa ke shigowa nan da zan faɗa mawa?"

Da ya miƙe ta raka shi har zaure. "Yallaɓai, in sun wanke ta fa?"

Bai yi mata alkawari ba. Ya ce zai yi sauri.

Ya koma Ƙofar Marusa, amma bai shiga shagon Gwadabe ba. Ya zauna a bencin Babaji mai sayar da cajar waya da gilashi, wanda rumfarsa ke fuskantar shagon.

"Maƙwabcinka yana kulle shago in zai tafi salla?"

Babaji ya yi dariya. "Gwadabe? Benci yake gittawa a ƙofa, kamar kowa. Wa zai tsallake benci lokacin salla?"

Haka mutanen layin suka yi imani, wai benci a gicciye ya fi kwaɗo. Yana hana baƙo, gaskiya ne, don baƙo yana tsoron ido. Wanda idon ya saba da shi kuwa ɗaga ƙafa kawai zai yi.

"Ran Asabar wa ya tsallake?"

Dariyar ta tsaya. Babaji ya sosa ƙeya. "Injiniya Abbas dai ya zo. Amma ai shi na gida ne, kullum suna kawo gyara. Ya ce caja ya manta. Ya shiga da jaka ya fita da jaka."

Talle ya leƙa shagon. "Malam Gwadabe, kwaɗo ka sa ko benci?"

Gwadabe ya sunkuyar da kai. "Benci, Yallaɓai. Na ji kunya ne kawai."

"Ɗauki hularka, za ka raka ni."

Ofishin Abbas a saman wani bene yake. Talle ya bar Gwadabe da Kofur Idi, ɗan sandan da ya rako su, a ƙasa, ya hau shi kaɗai. A ciki tebur biyu ne, ɗaya babu kowa, an tara takardu a kan kujerarsa. A ɗayan Abbas ne zaune cikin farar shadda, laftof a gabansa, zanen wani babban gida a sikirin. Duk lokacin da ya juya zanen sai ya riƙa tafiya yana tsayawa, kamar mai ɗingishi.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Lafiya dai?"

"An sace kwamfutar marigayi Salahuddeen."

"Subhanallahi. A gidan Hajiya?"

"Ba ka san ta kai ta gyara ba?"

"Ban sani ba. Na kwana biyu ban leƙa ta ba."

"Ran Asabar an gan ka a shagon Gwadabe."

"Caja na je ɗauka." Abbas ya ga inda Sufeton ke kallo, ya ɗora hannu a kan laftof ɗin. "Wannan tawa ce. Iri ɗaya muka saya da marigayi, rana ɗaya. Ga rasit nan in kana so."

"Bar shi."

Talle ya ja kujera ya zauna. Fankar sama tana juyawa, ƙwan fitila yana ci, an kawo wuta tun safe. Cajar kuwa tana gefen tebur a naɗe. A kusurwar sikirin alamar batir ta yi ja.

"Injiniya, cajinka ya kusa ƙarewa."

"Zai kai ni."

"Ga wuta, ga caja. Mutumin garin nan yana ganin wuta ya bar batir ya mutu?"

"Cajar ce ba ta da kyau."

"Wadda ka je ka ɗauko ran Asabar? Bari in gwada maka."

Ya warware wayar a hankali, ya soka a bango, ya soka ɗaya bakin a jikin kwamfutar. Wata 'yar fitila ta kama a gefe, alamar caji yana shiga. Zanen gidan ya yi rawa sau ɗaya, sikirin ya yi baƙi ƙirin.

Fanka kawai ke juyawa.

"Cajar lafiyarta lau," in ji Talle. "Ina taka kwamfutar?"

Abbas ya jawo aljihun tebur da kansa. Tana ciki, iri ɗaya sak, babu abin da ya same ta.

"Ban iya zane ba, Yallaɓai," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ban taɓa iyawa ba. Injiniyan ma suna ne kawai aka sa mini. Mun karɓi aikin gidan wani Alhaji, marigayi ya kusa gamawa. Na kwafi zanen zuwa tawa ya ƙi buɗewa, sai a tashi, can shirin yake. Da na are ta na ga tana nauyi, na sa mata sabon direba don ta yi sauri, sai ta lalace. Na koma aro Hajiya ta hana ni."

"Da ka gama fa?"

"Gobe zan kai ta Kano a wanke ta. Don kada a gane."

"Ka san abin da ke ciki ban da zane?"

Abbas ya juya ya kalli teburin da babu kowa. "Na sani. Na gwada kallo, ban iya ba."

Talle ya kira Kofur Idi. Abbas ya miƙa hannuwansa ba gardama, aka sa masa ankwa, aka sauka da shi ta matakala, masu shagunan ƙasa suna leƙe.

Kwamfutar ta zama shaida, dole ta kwana a ofishin 'yan sanda. Talle ya nemi izini Gwadabe ya gyara ta a gabansa. Gwadabe ya kunna ta a kan batir, ya cire baƙon direban, ya maida na kamfanin, ya kashe, ya kunna. Sannan ya sa caja. Sikirin ya ƙifta, ya tsaya da haskensa.

Bayan la'asar aka kawo Hajiya Ma'u a Keke Napep. Talle ya ba ta kujerarsa, ya juya mata kwamfutar, waya a jone da bango. Ya so ya fita ya bar ta, ta ce ya zauna.

Wani saurayi mai faɗin goshi ya bayyana a tsakar gida yana auna bango da taku, yana bayanin inda iska za ta riƙa shigowa. Hajiya tana motsa baki tare da shi, ta haddace kowace kalma. Can sai bakinta ya tsaya.

"A daidai nan take mutuwa," ta ce.

Ba ta mutu ba. Saurayin ya gama bayaninsa, ya juya kyamarar wajen madafa, ya ɗaga murya. "Inna, ki bar wanke-wanken nan haka. Shayinki ya huce."

"Ina zuwa," in ji Hajiya Ma'u a ofishin 'yan sanda, daidai lokacin da muryarta ta cikin bidiyon ta faɗi haka.

Sufeto Talle ya miƙe a hankali ya rufe ƙofa, don hayaniyar kanta tana shigowa.