Neman Garin Honora

Sanyin watan Janairu ya daskarar da yatsun Ikram, amma ba ta da halin cusa su a aljihu, don hannuwanta biyu riƙe suke da buhunan wanki, tana hawan dogayen matattakalar nan ta unguwar Highbridge da numfashi sama-sama. Tun bayan sallar asuba take kan ƙafa. Ta dafa abincin gida, ta wanke banɗaki, ta kai wanki, kuma har yanzu shagon kitso na jiranta, inda za ta tsaya har yamma tana yarfa gashi a kan mata, ba mai ce mata sannu. Shekarunta ashirin da biyu, amma sha huɗu daga ciki a haka ta yi su.

Mahaifinta Boubacar mutumin Maradi ne, mai sayar da huluna da jakunkuna a bakin titi. Ya auri wata Baturiya 'yar Bronx mai suna Eileen, ta musulunta ta koma Amal. Ikram na da shekara biyar ciwon daji ya ɗauke uwar, tana da takwas uban ya bi ta. Riƙonta ya dawo hannun ƙanen mahaifinta, Baffa Ishiyaku direban tasi, mutumin da ba ya wuni a gida, da matarsa Tanti Turai mai shagon kitso.

"Sai yanzu?" Turai ta daka mata tsawa a gaban mata huɗu da ke zaune a shagon. "Ku dube ta don Allah! Kowa a nan ya san garinsu, ya san kakanninsa. Wannan fa? Uwarta a titi marigayi ya tsinto ta, ba dangi ba asali. Shekara nawa da mutuwarta, ko kare bai zo ya ce na san ta ba!"

Matan suka sunkuyar da kai. Ikram ta ɗauki mataji, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ita ma ba ta san kowa a dangin uwarta ba. Iyakar abin da ta gada daga uwarta wani tsohon hoto ne na budurwa da mayafi a kafaɗa, a bayansa an rubuta: Honora Lavelle, Ireland, 1891. Ta tuna uwarta na nuna mata shi tana cewa, "Kakar kakarki ce, ita ta fara tsallako teku."

Ranar Litinin ake rufe shago. Nan ne kawai take samun awa uku nata na kanta, sai ta fara zuwa laburare tana bincike. A can ta haɗu da Hajiya Rafia, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi da ke aiki a sashen tsofaffin takardu. Suka samo Honora a takardar ƙidaya, suka samo ta a takardar aure, suka samo ta a takardar mutuwa. Ko'ina aka tambayi wurin haihuwa, kalma ɗaya ce: Ireland. Ba gari, ba gunduma. A wani wuri ma an rubuta sunan Lavell, a wani Lavel.

"Hajiya, ƙasa guda fa!" Ikram ta faɗa. "Ta ina zan fara? Ko ita ma ba ta da garin ne?"

"Kul, 'yata, kar ki ƙara faɗin haka. Ba wanda ya faɗo daga sama. Ma'aikatan lokacin ne ba su damu da ƙauyen talaka ba, a can Ireland kuma takardu da yawa sun ƙone. Idan ita ba a rubuta nata ba, mu nemi na 'yan uwanta. Wa ya yi mata shaidar aure? Su wa ke maƙwabtaka da ita? Mutanen gari ɗaya tare suke sauka, kamar yadda 'yan Maradi suka cika layinku."

Mako bakwai suna wannan aiki. A ƙarshe suka gano mai shaidar auren nata wan Honora ne, Patrick Lavelle, lebura, ya rasu a 1903, an binne shi a wata tsohuwar maƙabarta a Queens. Hajiya Rafia ta rubuta mata sunan da lambar layin kabarin a 'yar takarda. Ikram ta ninke ta, ta sa a aljihun rigar sanyinta, zuciyarta fal da murnar da ta manta yadda ake yi.

Kwana biyu kawai murnar ta yi. Turai ta laluba aljihun, ta jira sai da mijinta ya dawo cin abincin rana, sannan ta saki salati.

"Innalillahi! Alhaji, ga abin da nake gaya maka! Duk Litinin ɗin da take ɓacewa, ashe wurin ƙato take zuwa. Patrick! Ga sunansa, ga lambar ɗakinsa! Halin uwa ba ya ɓuya!"

"Baffa, wallahi ba haka ba ne," Ikram ta durƙusa tana kuka. "Mutumin nan ya mutu tun..."

"Rufe mini baki!" Ishiyaku ya miƙe. "Amanar ɗan uwana na riƙe, ki saka mini da wannan? Na rantse ba ki ƙara kwana a gidan nan!"

Ko takalmin kirki ba ta samu ta saka ba. Turai ta watso mata kaya a leda, ta bugo ƙofa. Maƙwabta 'yan garinsu na leƙe ta tagogi, ba wanda ya fito. Kafin la'asar labari ya zaga wayoyin matan unguwa cewa marainiyar Boubacar ta bi Bature. Ta zauna a tashar jirgin ƙasa da ledarta a cinya, dubban mutane na wucewa ta gabanta, ba fuska ɗaya da ta san ta. "Ya Allah," ta ce a hankali, "Kai ka ga abin da ke cikin takardar nan. Ba ni da kowa sai Kai..."

Hajiya Rafia ce ta ba ta kujerar falonta a unguwar University Heights. Mako guda Ikram ta yi da zazzaɓi, ko abinci sai an matsa mata. Da ta samu sauƙi, ita kaɗai ta hau jirgi ta tafi Queens. Ta yi ta yawo tsakanin duwatsun da ruwan sama ya cinye rubutunsu, har ta iso wani ɗan dutse da ya karkace. Ta sa gefen mayafinta ta goge gansakuka, ta bi harufan da yatsa: Patrick Lavelle, haifaffen Kilbrannagh, gundumar Mayo. Ƙanwarsa Honora ce ta kafa wannan.

Ta durƙusa a gaban dutsen. Kilbrannagh! Ta faɗi sunan sau uku, tana kuka tana dariya a tsakiyar maƙabarta. Ashe akwai gari, ashe yana da suna!

A ranar ta rubuta wa ƙungiyar tarihin ƙauyen wasiƙa ta intanet, ta haɗa da hoton. Aka yi mako uku shiru, har ta fitar da rai. Sai ga amsa daga wata malamar makaranta mai ritaya. Ta ce lallai an yi wa Honora baftisma a cocinsu, kangon gidansu ma yana nan. Sannan ta ƙara da cewa: "Akwai wata jikar Honora da ke rubuto mana duk shekara, Kathleen, tana zaune a Stapleton, nan garinku. Kullum tana roƙon a sa wata yarinya a addu'a, 'yar Eileen, wadda aka tafi da ita Afirka tana ƙarama. Ko ke ce?"

Washegari Ikram ta hau jirgin ruwa zuwa Staten Island, inda unguwar Stapleton take. Tsohuwar da ta buɗe ƙofa ta haura tamanin, tana dogara sanda. Ta dubi Ikram, sandar ta suɓuce ta faɗi.

"Idanun Eileen..." ta faɗa cikin Turanci, ta rungume ta tana rusa kuka. "Ni ƙanwar kakarki ce. Ina kika shiga, ɗiyata? Sau huɗu na je Highbridge bayan rasuwar babanki. Matar baffanki ta tsaya a bakin ƙofa ta ce an mayar da ke Nijar, ba za ki dawo ba!"

Ta jawo wani akwatin takalmi. Katunan murnar ranar haihuwa ne a ciki, goma sha huɗu, ko wanne an dawo da shi ba a buɗe ba, an rubuta a bayansa cewa mai sunan ta bar ƙasar. Ikram ta san rubutun nan. Shi take gani kullum a allon shagon kitso.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Hajiya Rafia ta sa liman Malam Alkasim ya tara su a falon Ishiyaku. Ikram ta ajiye hoton dutsen kabarin a gaban baffanta.

"Baffa, ga Patrick ɗin da aka ce ina bi. Duba shekarar da ya mutu."

Ishiyaku ya karanta, ya sake karantawa, gumi ya karyo masa. Kathleen ta zube katunan a kan tebur, ta nuna Turai da yatsa. Ba a buƙaci tafinta ba.

"Turai, rubutunki ne?" liman ya tambaya.

Ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta ce sharri ne. 'Yarta ta cikinta, Shamsiya, ita ce ta ɗauki kati ɗaya ta ce, "Mama, naki ne. Ni kike aika in jefa su a akwatin gidan waya, kina ce mini takardun banza ne." Nan Turai ta zube ƙasa.

"Da sun ɗauke ta wa zai riƙe mini shago?" ta ce cikin shessheƙa. "Wa zai yi mini aikin gida?"

Ishiyaku ya rufe fuska da hularsa yana kuka kamar yaro. "Na ci amanar Boubacar! Na kori marainiya cikin sanyi a kan mataccen da ya shekara ɗari a ƙasa! Ikram, ki yafe mini... Ke kuma Turai, tattara ki bar mini gida."

"Na yafe maka, Baffa," Ikram ta ce. Ta juya wajen Turai, ta daɗe tana kallonta. "Wahalar da na sha na yafe, Tanti. Abin da kika faɗa a kan uwata kuwa, ita za ki nema, ba ni ba."

Matan da suka yaɗa ƙaryar su suka yaɗa gaskiyar. Ba wadda ta ƙara miƙa wa Turai kanta, kafin bazara shagon ya rufe, ta koma raɓe a ɗakin wata 'yar uwarta, ko gidan suna ba a gayyatarta.

Ikram ta tare gidan Kathleen a Stapleton, ta koma makaranta, suna shirin zuwa Kilbrannagh tare idan damina ta wuce. Ranar da ta kwashe kayanta zuwa gidan, lokacin azahar ya yi, ta tsaya tana waige-waige a sabon ɗakinta. Kathleen ta shigo a hankali da wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle. Sallaya ce koriya, gefenta ya ɗan zare.

"Ta mamanki ce. Duk zuwan da ta yi a kanta take salla, ni kuma in ja carbina na coci a falo." Tsohuwar ta sunkuya da ƙyar, ta shimfiɗa ta da hannunta, ta daidaita ta wajen kusurwar taga. "Nan take fuskanta. Ban manta ba."

Ikram ta hau, ta ɗaga hannuwa ta yi kabbara. Da goshinta ya taɓa inda goshin uwarta ya sha taɓawa, sai ta kasa ɗagowa. Kathleen ta ja ƙofa a hankali, ta zauna a bakin ɗakin tana jiranta.