Ragowar Man Gwaggo Tabawa

Kwana uku Mizani ta yi tana gurnani a hawa na tara na Hukumar Makamashi ta birnin Tudun Haske kafin ta yanke hukunci. Na'ura ce da ake jera wa zaɓi, ita kuma ta ɗora kowanne a kan ma'aunai biyar: tsada, ruwa, hayaƙi, fili, da ko zai taɓa abincin mutane. Abin da ake nema shi ne man da za a tace ya zama dizal na motocin birni. Bini-da-zugu ya faɗi a kan cin fili, gansakuka ta cika shan ruwa, gyaɗa kuwa tun daga ƙofa aka sallame ta. Tsohon man suya ne ya lashe, don Mizani ta lissafa shi a shara, ba mai ci.

Kuma ba ƙarya ta yi ba. Gida dubu shida aka tambaya ta waya ko suna amfani da man da aka gama suya da shi, kowa ya ce a'a. Injiniya Barira, wadda ta tsara tambayar, ranar bakinta har kunne.

Aka yi doka. Kurkura marasa direba suka shiga unguwanni da tiyo suna tsotse ragowar man kowane kasko. Wata biyu, hayaƙin birni ya washe.

Wata safiya Barira ta biya gaida gwaggonta Tabawa, mai ƙosai a Layin Marina. Bayan ƙofa ta ga 'yan kwalabe sun kai ashirin, duk a bushe.

"Gwaggo, waɗannan fa?"

"Na maƙwabta ne. Da, in na tashi daga suya, kowa ludayi guda nake zuba masa na miya. Yanzu ƙarfenku yana riga su."

"Amma an tambaye su! Cewa suka yi ba sa amfani da shi."

Gwaggo ta ajiye matsami ta dube ta. "Haba Barira, duk karatun naki? Wace mata ce za ta gaya wa waya da ragowar man wani take ciyar da 'ya'yanta? Ni da nake ba su ma ban taɓa kallon fuskar mai ɗauka ba."

Kunya ta rufe Barira. Ta koma ofis ta nemi a sake awo. Mizani ta amsa cikin ladabi cewa ba ta sauya ma'auni sai da shaida: sunayen gidajen, da amincewar kowannensu.

Da la'asar Barira ta dawo ta durƙusa gaban Gwaggo. "Don Allah sunaye kawai, ko goma ne. Wallahi man zai dawo musu."

Gwaggo ta ci gaba da wanke wake.

"Wata biyu suna cin miya lami, 'yar nan, ba wadda ta buɗe baki ta yi ƙorafi. Ni ce zan tona musu asiri? Tashi ki je, ban san kowa ba."