Akwatin Bibata da Mai Lungun Randa

Ana dab da kiran magariba a gidanmu na Yantala, ina kwaɗa zogale a tsakar gida, dutse na farko ya faɗo kan kwano. Na biyu ya biyo baya, mai nauyi. Kaji suka yi tsit. A ɗakin jikata Bibata, gurnanin kwamfuta da ya yini yana tashi ya yanke.

Bibata da hannunta ta haɗa kwamfutar nan, guntu-guntu, shekara biyu. Wani mai shagon hoto ya ce zai ɗauke ta aiki idan akwatin ya jure gwaji. Ta ce mini za ta ɗora masa lissafi mafi nauyi yini da kwana, ta ga ko ƙwaƙwalwarsa za ta yi zafi ta mutu, ko wurin riƙe bayanai zai yi kuskure. In jan layi ɗaya ya fito a gilashin, sai a koma farko.

Kwana uku ana komawa farko, kullum da magariba. Yarinyar da ta saba zama gefena tana matsa mini ƙafa, yanzu tana can ta zuba wa ƙarfe ido kamar mai jinya.

A rana ta huɗu na shiga na same ta zaune a ƙasa, bayan randa, tana kallon bango. Na kira sunanta. Muryar da ta amsa ta namiji ce, tsoho.

Na aika aka kira Alfa Munkaila. Ya zauna, ya yi karatu a hankali har duhu ya rufe tagar. Sannan ya ce, "Wane ne kai?"

"Mai lungun nan. Tun matar can tana amarya nake nan. Ita ba ta taɓa zubar da ruwan zafi ba ta yi bismilla ba. Wannan kuwa ta juyo mini bayan akwatinta, iska mai zafi tana dukana dare da rana."

"Shi ne na jifa?"

Da mai lungun ya sake magana, muryar ta yi ƙasa. "Fanka uku aka sa masa, Alfa. Ana auna zafin jikinsa. Ana tashi a duba ko yana numfashi. Ni wa ya taɓa tambayar lafiyata?"

Na gyara zama.

Mai lungun ya ce a fasa akwatin. Alfa ya ƙi. Ya ce to a bar masa yarinyar. Alfa ya ɗaga murya da karatu har jikin Bibata ya ɗauki rawa. Can mai lungun ya ce, "Zan tafi. Amma a juya akwatin ya fuskanci taga, kuma kada ta ƙara zama gabansa da magariba. Ta fita waje wurin mutane."

Kafin Alfa ya buɗe baki na ce, "Mun yarda."

Alfa ya kalle ni. Na kalle shi.

Bibata ta yi atishawa, ta faɗi gefe, ta ce, "Kaka, ruwa."

Washegari da magariba tana gefena, hannunta a ƙafata, kunnenta a ɗaki. Kwano bai yi ƙara ba. Da gwajin ya cika yini da kwana, babu jan layi ko ɗaya.

Mai shagon ya ɗauke ta. Yanzu da sassafe take fita, sai bayan lisha nake jin buɗe ƙofarta. Shi mai lungun ya tattara ya tafi inda za a kula da shi. Ni gidan nawa ne, ba ni da inda zan je.